Daren da ruwa ya zo ƙarfe uku

Tun bayan lisha muka jera jarkoki,
goma sha ɗaya, har da mai tsagaggen baki.
Famfon Zango yana tari irin na tsoho,
iska kawai, ko ɗigo.
Kin hau kan rawayar kina kaɗa ƙafa,
kika ce, Inna, yau mushe ya kira suna a lakwal,
ya ce Barira Kalla.
Su Mutari kuwa Illa ake ce musu.
Wane ne Kalla?

Shekara tara ina dafa amsar nan,
in ɗora, in juya, in sauke.
Ranar ci ta zo, na buɗe tukunya, ga ta ɗanya.

Na ce matso.
Kalla baduku ne a Birni, bayan duwatsu,
bahago, mai ƙarancin magana,
hannunsa ja da rinin fata har wuyan hannu.
Matarsa Cima. Kasko ɗaya muke suyar alkaki,
ranar Alhamis mu kai Kasuwar Dole,
ita ta yi ciniki, ni in ƙirga dala.
Ita ta ɗauki cikinki. Ita ta haife ki.
Ta ci sunanki da jan lalle a ƙafa,
kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya tafi da ita.

Ba ki ce komai ba.
Wani kare ya ratsa layin, ya shinshina jarkoki, ya wuce.

Ya kawo ki da asuba cikin zanen Cima.
Mutari na da wata biyar a bayana.
Na ba shi dama, na ba ki hagu,
kuka yi ta shurin juna a cinyata.
Kalla ya hau motar arewa neman abin rufin asiri.
Saƙo biyu, sai shiru.
Yana raye? Ban sani ba, Barira.
Da na sani da na faɗa.
Ba zan toshe ramin da ƙarya ba don ki samu wurin taka ƙafa.

Uwar mijina ta ce a bar kaza cikin gashinta.
Illa ya ce sunan uba amana ne,
ba a goge shi don an ciyar da yaro tuwo.
Matar da ke bayanmu a layi, mai tulu biyu,
ta taɓa nuna ki da haɓa, ta ce ’yar riƙo ce ko?
Na ce riƙo ne, Hajiya,
kuma ban gaji ba, hannuna bai sage ba.
A hanya na yi kuka, ruwan ya yi ta zuba mini a wuya,
ba wanda ya bambance.

Kika daɗe kina kankarar lakar da ta bushe a jikin jarka.
Na jira ki ce kin tsane ni,
ko ki ce a kai ki Birni yanzu-yanzu.
Kika ce, alkakinta ya kai naki daɗi?

Na ce ya fi.
Nata ba ya karyewa a mai.

Kika ce, to gobe a ina zan kwana?
Na ce inda kika kwana jiya,
tsakanin bango da ƙafar Mutari mai sanyi.

Akwai ’yar jakar fata a ƙasan adakata,
ja da kore, ɗinkin ya karkata hagu.
Taki ce. Da safe.
Tambaya kuma, in ta sake tasowa,
ko kina da goyo a baya, ki kawo.

Can famfo ya yi gyaran murya, ya tofa laka,
layi ya farka, ana ture-ture.
Kika duro, kika kama murfin da hagu,
ba ki dube ni ba.
Kika ce, Inna, miƙo mai tsagaggen bakin,
ita za mu fara cikawa.